Askin da Baba Bai Yi Ba

Ranar da muka binne Baba, tsofaffi sun fi matasa kuka. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gidanmu a Gyadi-Gyadi har gindin darbejiyar da ya yi shekara fiye da arba'in yana aski a ƙarƙashinta. Kusan duk wanda ya tsuguna ya yi mana gaisuwa, bayan ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya ƙara da wata magana tasa.

"Shi ya yi min askin angwanci."

"'Ya'yana bakwai, duk shi ya yi musu askin suna."

Wani dattijo, tsohon direban motar ma'aikatar gwamnati, ya zauna kusa da ni. Can sai ya cire hula, ya shafa furfurar da ta fara tsirowa, ya ce, "Yau kwana goma sha ɗaya da ya yi min wannan. Yanzu kuma wa zan miƙa wa kaina?" Ya mayar da hular ya tashi, ko sallama bai yi ba.

Da la'asar aka ce ana kirana a cikin gida. Na tarar da wata tsohuwar maƙwabciyarmu zaune kusa da Inna, mahaifiyata, ta riƙe mata hannu. 'Yar kudancin Kaduna ce. Mijinta ya yi hedimasta a wata firamare har ya yi ritaya, kuma sun daɗe da tashi daga layinmu suka koma Babban Giji. Ta ce da ni, "Kai ba ka sani ba, lokacin kana makaranta. Da maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, shekara uku babanka yana zuwa kowace Asabar da hantsi, ya yi masa aski da gyaran fuska, don kada a kai shi coci a birkice. Ranar da ya rasu ma, shi ya gyara shi kafin a sa shi a akwati." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa."

Ban sani ba kuwa. Da yawa daga abin da na sani game da mahaifina, a kan tabarmar makokinsa na ji. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ɗana bai cika shekara uku ba, ba zai tuna fuskar kakansa ba. Ina so in ya girma ya san wane ne mutumin da aka sa masa sunansa, ya kuma san laifin da ubansa ya yi masa.

Baba wanzami ne, ɗan wanzami. Zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba kayan aiki, ta girme ni. Kullum bayan sallar asuba zai zauna ya wasa asake a jikin wata fata, sannan ya gwada kaifin a damtsensa na hagu. Har ya bar duniya gashi bai sake fitowa a wannan wajen ba. Ba ya magana aska tana kan mutum. In an yi masa tambaya, sai ya ɗaga hannu, ya ba da amsa, sannan ya ci gaba. Na taɓa jin wani ya ce masa, "Malam, kai aikinka ba hira?" Ya ce, "Ka miƙo min wuyanka ka rufe ido. Gara in yi shiru in mayar maka da shi yadda ka kawo."

Da yara kuwa wani mutum ne daban. Ba ya yarda a danne yaro. Sai ya ce uwa ta zauna ta rungume shi, fuskarsa a ƙirjinta. Ya ba shi ɗan madubi ya riƙe, ya ɗumama ruwa, ya jiƙa gashin a hankali yana yi masa surutun banza har yaron ya saki jiki. In yaro ya ƙi, sai ya naɗe kayansa ya ce a kawo shi gobe. Ya san askin da aka daina yi tun kafin a haife ni. Ya san zanko, wanda ake barin gashi a tsakiya tun daga goshi har ƙeya kamar na zakara. Ya san tukku, ɗan curin gashi da ake bari a tsakar ka. Ni ma da tukku na tashi, akwai hoton a ɗakin Inna.

Ba mutum ne mai taurin kai ba, wannan dole in faɗa. Da likitoci suka fara cewa a daina cire wa jarirai beli, yana cikin waɗanda suka fara ajiye ƙarfen. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya yi ta faɗa, wai ya watsar da gadon gida. Sun yi kusan wata biyu ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Baba bai ja da shi ba, abin da ya ce kawai, "Na ga yaron da jini ya ƙi tsaya masa. Kai ba ka gani ba." Daga baya kan Baffa ya cika da gashi, ya zo da kansa ya zauna a gindin darbejiya ya cire hula, faɗan ya ƙare ke nan.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce min, in kuma yana ba wani labarina ya ce "yaron nan," har na yi gemu. Tsakaninmu akwai wani abu da ba mu taɓa zama mun tattauna ba. Ina aji biyu a makarantar kwana ya zo min ziyara da zabirarsa a rataye. Ya ga kaina ya yi buzu-buzu, ya zaunar da ni a bayan ɗakin kwana ya aske ni tas, yara sun kewaye mu suna kallo. Daga wannan ranar, sunana ya koma ɗan wanzam. Da na zo hutu na ce masa, ban ko sunkuyar da kai ba, kada ya ƙara zuwa min makaranta da wannan jakar. Inna ta ɗaga hannu za ta mare ni, ya ce ta bari. Ziyara ta gaba ya zo hannu rabbana. Ya zauna a kan benci yana ta juya hannuwansa, ya rasa inda zai ajiye su. Bai ƙara cewa in zo in ga yadda ake riƙe aska ba. Na gama karatu, na samu aikin gwamnati, na yi aure, na kama haya a Tarauni.

Ɗana bakwaini aka haife shi. Ranar suna yana asibiti a cikin kwalba, an sa masa robobi a hanci. An raɗa suna a masallaci, an yanka rago, amma ba a yi aski ba. Na sa masa sunan Baba, shi kuwa tun daga ranar yake ce masa Takwara. Da aka sallamo su, ya karɓe shi a tafin hannu biyu, ya daɗe yana duba kansa, ya taɓa maɗigarsa da ɗan yatsa. Ya ce, "Wannan ba yanzu ba. A bar shi ya yi ƙwari. In lokaci ya yi ni zan faɗa."

Haka gashin ya yi ta tsiro, baƙi wuluk, mai laushi, yana nannaɗewa. Yaron ya yi ta fama da ciwo a shekararsa ta fari, yau zazzaɓi gobe tari, ba wanda ya tuna da aski. Da ya fara tafiya, gashin ya rufe masa kunnuwa. In matata ta fita da shi sai a ce, "Kai, yarinyar nan akwai gashi." Inna kuwa, da yake jika mijin wasa ne, kullum sai ta ce, "Ni na fasa auren, ba na zama da miji mai kan mata."

Cikin azumin da ya wuce, yaron ya cika shekara biyu da 'yan watanni, muka je shan ruwa gida. Baba ya ɗora shi a cinya, ya cusa yatsu cikin gashin, ya ce, "To, Takwara, lokaci ya yi. Jajiberin Sallah da hantsi ku kawo min shi."

Nan fa aka shiga zaɓen aski. Baffa ya ce a yi masa ƙwal-kwabo kawai, kai ya sha iska. Inna ta ce zanko, don ta ga yadda angon nata zai koma. Matata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ciro waya cikin ladabi ta nuna wa Baba wani hoto: an rage gefe da gefe, an bar sama, an ja siririn layi a gefen hagu. Baba ya nisanta wayar da idonsa, ya ƙura mata ido, ya yi dariya. "Wannan ai zanko ne ya je birni ya dawo." Kowa ya fashe da dariya. Sannan ya ce, "Ni dai da za a bi tawa, in kwashe duka in bar masa ɗan tukku irin na ubansa. Amma ke kika sha wahalarsa. Ki yi tunani, abin da kika ce shi za a yi."

Ni ban yi dariyar da zuciya ɗaya ba. Tun shekara guda kafin nan na lura hannun Baba na dama ya fara rawa. In ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafa da hagu. Tsofaffin abokansa ba su daina zuwa ba, amma matasa sun janye. Ranar nan ma, da Baffa ya cire hula zai yi alwala, na ga tabo biyu sababbi a ƙeyarsa, jini ya bushe a kai.

A hanyar komawa matata ta riga ni faɗa. "Ka ga kan Baffa?"

Na ce na gani.

Ta ce, "Ni ba zan iya gaya masa ba, ba hurumina ba ne. Kai ne ɗansa. Ka je ka same shi ku biyu. Ko ya yi bismilla ya ɗan taɓa da almakashi, wani ya ƙarasa a gabansa. Baba ba zai ƙi ba."

Na ce zan je. Sau biyu ina zuwa. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu na same shi shi kaɗai a gindin darbejiya, na tsuguna, na buɗe baki, sai ya riga ni. "Ka gaya wa mai ɗakinka ta kwantar da hankalinta. Ba da tsohuwar aska zan yi ba. Na aika an sayo sabuwar reza a cikin takardarta, ita za ta buɗe da hannunta." Fuskarsa cike da murna. Na ce, "To, Baba." Na tashi na tafi.

Ana jibi Sallah, matata tana wajen aiki, na ɗauki yaron na kai shi wani shagon aski a bakin titi a Tarauni. Shagon cike yake da masu askin Sallah, janareto yana ƙara, kiɗa yana tashi. Da layi ya zo kanmu, wani saurayi mai fara'a ya ɗora katako a kan kujera ya zaunar da shi, ya ce, "Yallaɓai, wane sitayil?" Na kwatanta masa irin na hoton nan da matata ta nuna. Da aka kunna kilifa, injin askin, yaron ya ƙwalla ƙara, ya miƙe zai sauka. Ni na danne shi. Na riƙe haɓarsa da hannu ɗaya, na matse ƙafafunsa da gwiwata, yana kiran uwarsa har muryarsa ta dushe. Cikin minti goma aka gama. Gashin shekara biyu ya zube a ƙasa, ya gauraya da na mutane, aka share.

Da matata ta dawo ta gan shi, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. "Ka gaya wa Baba?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ba haka muka yi da kai ba." Ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki.

Washegari, jajiberi, ban je ba, ban kuma kira ba. Daga baya Inna ta gaya min tun da sassafe Baba ya sa aka share tsakar gida, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya sa ta ɗumama ruwa. Ya sayi alawa ya sa a aljihu. Ruwan ya huce aka sake ɗumamawa. Sai da aka kira azahar sannan ya ce a naɗe tabarmar.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi muka je gaisuwa. Na sa wa yaron hula na danna ta har kunne, kamar hakan zai hana wani abu. Ya ruga ya faɗa jikin kakansa. Baba ya ɗaga hular. Ya juya kan yaron dama, ya juya hagu, ya bi layin nan da babban yatsa.

Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya. Ya ɗan ci gaban goshin da yawa, amma ya iya. A ina ne?"

Na kwatanta masa shagon, kaina a ƙasa.

"Ya yi kuka?"

"Ya ɗan yi."

"Ina gashin?"

Ban gane ba, na ɗago na dube shi. Ya ce, "Gashin da ya zo duniya da shi. Ai ana aunawa a yi masa sadaka, sannan a binne. Ina yake?"

Ni da na tashi a gidan wanzamai, ban tuna ba ko kaɗan. Na ce, "An share, Baba."

Ya daɗe yana kallon kan yaron. Sannan ya mayar masa da hular, ya gyara mata zama, ya sa hannu a aljihu ya ciro alawa ya ba shi. "Allah ya raya mana kai, Takwara." Bai yi min faɗa ba, ranar ko bayanta. Da ma ya yi.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Ban koma wancan shagon ba, ko ta gabansa ba na son wucewa. Na samu wani a Daurawa. Duk lokacin da za mu je Gyadi-Gyadi, sai in riga in kai yaron a yi masa aski, don kada maganar ta taso. Wani lokaci Baba zai kira ni a waya, bayan gaisuwa ya ce, "Kan Takwara bai cika ba?" In ce, "Ai shekaranjiya aka rage masa." Ya ce, "To, madalla." In mun je kuma, abu na farko da zai yi shi ne ya ɗaga hular ya duba, ya mayar. Ni a ganina ina kare shi ne daga jin kunya. Wata biyar muna haka.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Kwana huɗu ya yi a kwance, ranar na biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ina riƙe da hannunsa, amma ba ya gane kowa. Neman gafarar da na yi ta ɗagawa zuwa gobe, a kunnen da ba ya ji na yi ta.

Ranar sadakar uku, jama'a sun fara raguwa, wani saurayi ya zo ya tsuguna a gabana. Na amsa gaisuwarsa ban gane shi ba. Ya ce, "Yallaɓai, ni ne mai shagon aski na Tarauni. Ni na yi wa yaronka askin Sallah. Jiya na ji rasuwar Baba."

Na ce, "A ina ka san shi?"

Ya yi mamaki. "Ai na zaci ka sani. Washegarin Sallah ya zo shagona, ya ce yana neman gashin jikansa, ko Allah ya sa ba a zubar ba. Na ce masa wallahi masu shara sun kwashe. Ya zauna ya huta, yana kallon ina aiki. Can sai ya ce in ba shi kilifa ya gani. Ya juya ta, ya kunna, ya ɗora a bayan hannunsa. Ya ce, 'Wannan ko hannu yana rawa ba ta yanka?' Na ce in da mataji a bakinta ba ta yanka. Sai ya ce, 'Ɗana yana tsoron hannuna, kuma yana da gaskiya. Za ka koya min?'"

Saurayin ya ce Baba ya yi ta zuwa, duk Litinin da Laraba da hantsi, lokacin da ba kwastoma. Dattijon da ya aske rabin unguwa ya tsaya a gefen yaron da ya isa ya yi jika da shi, yana tambaya wane mataji ake fara sawa, yaya ake haɗa gefe da sama. Ya koya a kan almajiran shagon biyu, har a kan shi mai shagon. "Layin ne kawai ya gagare shi," in ji shi. "Ya ce wannan in an kawo yaron sai in zo in ja masa. Na yi ta jiran kira."

Ban san lokacin da ya tashi ya tafi ba. Na shiga ɗakin Inna, na same ta tana jan carbi. Na ce, "Inna, gaskiya ne Baba ya koyi aski da kilifa?"

Ta ce, "Har saya ya yi. Mai caji."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ya hana ni. Ya ce kada a matsa maka, ka riga ka ji nauyi. Ya ce wata rana da kanka za ka kawo shi da gashi a kansa." Ta ja carbin, ta tsaya. "Duk ranar da kuka ce za ku zo, tun safe yake kai kilifar wajen masu cajin waya."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alherin da ya yi wa mutane wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi masa addu'a. In ya ga dama ya haɗa da ni.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Tun da ya kwanta ba a taɓa kan yaron ba, gashin ya cika har ya fara nannaɗewa. Jiya matata ta tambaye ni yaushe zan kai shi aski. Na ce mata gobe.